Yadda Ake Shayar da Sabulun Aski Haɗin Hannu Har Kumfarsa Ta Yi Santsi

Sabulun aski haɗin hannu, irin wanda ƙananan masu sana'a ke dafawa kaɗan-kaɗan su zuba a roba mai faɗin baki, ba ya nuna kansa a tashin farko. Mutum zai saya, ya jiƙa buroshi, ya kaɗa, ya ga kumfa ta taso fal, ya shafa, ya ja reza, sai ya ji tana kartar fuskarsa yadda ta saba. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa sabulun banza ne. Ni abin da na sani, sau da yawa sabulun ba shi da laifi, ƙishirwa ce ke damunsa. Wannan irin sabulu yana shan ruwa fiye da yadda ido ke zato, kuma wanda ya koyi shayar da shi ya kama bakin zaren.

Busasshen gashin gemu abu ne mai tauri. In ya sha ruwa na minti 2 zuwa 3 sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba tare da ta fizga ba. Aikin kumfa ke nan na farko, ta riƙe ruwa a jikin gashin har ka gama. Sai kuma santsi, wanda zai bar ƙarfe ya zame a kan fata maimakon ya ƙwaƙule ta. Tudun kumfa a fuska ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Kumfar gwangwani mai feshi, wadda ta fara fitowa a Amurka a 1949 da sunan Rise, ita ta saba wa mutane da ganin cewa kumfa mai tudu ita ce mai kyau, alhali iskar gas ce ke hura ta. Kumfar da nake nema a kwance take, mai nauyi, mai ƙyalli, kamar fentin da aka dama da kyau.

Karanta bayan robar kafin ka shinshina

Ƙamshi shi ke sayar da sabulu, na sani, ni ma hancina yana da ra'ayi. Amma jerin sinadaran da ke bayan robar shi zai faɗa maka abin da sabulun zai yi a fuskarka. A ƙa'idar rubuta kayan shafawa, ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa ƙasa, don haka sunaye uku ko huɗu na farko su ne sabulun.

Abin da nake so na gani a sahun gaba shi ne sitiyarik asid. Wani farin kitse ne mai tauri da ake cirowa daga kitsen dabba ko man ja, kuma shi ke ba da kumfa mai ƙananan ido wadda ba ta faɗuwa da wuri. A jikin roba za ka gan shi da sunan Stearic Acid ko Potassium Stearate. Kusa da shi galibi akwai kitsen shanu, wanda ake rubutawa Tallow ko Tallowate. Shi ke ƙara wa kumfa jiki da maiƙo. Akwai masu haɗa sabulu ba kitsen dabba ko kaɗan, suna cike gurbin da man kaɗanya da makamantansa, kuma cikinsu akwai waɗanda ba ka raba su da mai kitse a fuska. Martin de Candre na Faransa misali ne: sitiyarik asid, man kwakwa, sodar fotasiyam da gilisarin (wani ruwa mai yauƙi da ke riƙe damshi a fata) kusan su ke nan, kuma masu aski da buroshi a duniya sun san darajarsa.

Man kwakwa yana sa kumfa ta taso da sauri, sai dai idonta manya ne, kuma in ya yi yawa yakan bar fatar wasu a bushe. Man zurma kaɗan yana riƙe kumfa. Lanolin, maiƙon da ake samu a ulun tumaki, yana barin fata da laushi, amma akwai mutanen da fatarsu ba ta jituwa da shi. Gilisarin kuwa a cikin dahuwar sabulun kanta yake fitowa. Manyan masana'antu sukan janye shi su sayar daban, mai haɗin hannu yana barinsa a ciki, wani ma ya ƙara. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake fifita haɗin hannu.

Sai batun soda. Sabulun wanka da soda ɗaya ake yinsa, ta sodiyam, wadda ke ba da dunƙule mai tauri. Sabulun aski na kirki yana da ta fotasiyam, ko ita kaɗai ko haɗe da ta sodiyam, kuma masu sana'ar da yawa suna zuba kashi 60 na fotasiyam da kashi 40 na sodiyam. Ta fotasiyam ita ke sa sabulun ya yi taushi, ya narke da sauri, buroshi ya kwashe shi ba wahala. Tunda sitiyarik asid sai zafi ya kai wajen digiri 69 a ma'aunin Salshiyas yake narkewa, kuma da soda ta taɓa shi yake sandarewa, dole a kan wuta ake haɗa wannan sabulu, ana juyawa har ya nuna. In ka yi sha'awar gwada dafa naka wata rana, ka sani soda tana cin fata tana makantar da ido. Safar hannu da tabarau wajibi ne, awo da sikeli ake yi, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kanta.

Wanda nake guje wa shi ne sabulun da man zaitun ke kan gaba a jerinsa, sodarsa ta sodiyam ce kaɗai, an ɗan barbaɗa masa yumɓu an rubuta "na aski" a jikinsa. Wannan sabulun wanka ne. Yana da kyau ga jiki, amma kumfarsa kafin ka gama kunci ɗaya ta baje a ɗayan. Duk ƙwarewarka ba za ka fitar da abin da babu a cikinsa ba.

Game da ƙamshi, abu ɗaya zan ce. Man kirfa da na kanumfari da wasu turaruka masu ƙarfi suna ƙona fatar wasu mutane. In sabon sabulu ne, ka ɗan shafa kumfarsa a lanƙwasar gwiwar hannunka, ka bar ta minti kaɗan. In wurin ya yi ja ko zafi, to fuska ma haka za ta yi, har fiye. Mai fata mai saurin fushi ya nemi wanda ba a sa wa turare ba, yawancin masu haɗin hannu suna yinsa.

Buroshi

Ba sai ka wahalar da kanka a nan ba. Akwai na gashin baja, wata dabbar daji mai kama da dage, akwai na gashin alade, akwai na doki, akwai kuma na zaren roba da aka ƙera. Na gashin dabba yana son a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi na 'yan mintuna kafin aiki, na alade kuma sai an daɗe ana amfani da shi bakin gashin ke tsagewa ya yi laushi. Ni na roba nake ba mai farawa shawara ya saya. Ba ya bukatar jiƙo, ba ya wari, yana bushewa da wuri, kuma ba ya ɓoye kumfa a cikinsa. Mai kaurin milimita 24 a gindi ya wadatar da kowace irin fuska.

Ɗiban sabulu

Ka fara wanke fuska da ruwan ɗumi, ko ka yi askin bayan wanka, wanda ya fi. Kada ka goge fuskar, ka bar ta a jiƙe.

Jiƙa buroshi ka yarfe shi har ya daina ɗiga. Damshi ake so. In ka shiga robar sabulu da buroshi jagab, nan take za ka ga kumfa mai manyan ido ta cika bakin robar, ka ɗauka ka samu, alhali ruwa ne da iska, sabulun yana nan a ƙasa ba a taɓa shi ba. Da buroshi mai damshi, ka riƙa murza bakinsa a kan sabulun kana zagayawa, da ɗan dannawa kaɗan, na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. In ka ji ya fara kamewa, ɗiga masa ruwa ɗigo uku ko huɗu ka ci gaba. Abin da kake jira shi ne ka ga bakin gashin buroshin ya manne da juna da farin abu mai kauri, mai danƙo, wanda bai yi kama da kumfa ba tukuna.

A nan kada ka yi rowa. Robar sabulu mai giram 110 ko 120 tana kai mutum watanni, don aski ɗaya bai wuce ya ci giram 1 zuwa 2 ba. Wanda ya ɗibi kaɗan ba shi da abin da zai riƙe ruwan da za a zuba daga baya, shi ya sa kumfarsa ke tsinkewa. Gara ka ɗiba ya yi saura.

Sabulai masu tauri irin na Ingila, waɗanda aka niƙa aka matse da inji, kamar D.R. Harris ko Mitchell's Wool Fat, suna son a zuba musu cokali ɗaya na ruwan ɗumi a kai su tsima kafin ka zo da buroshi. Ruwan da ya tsima ɗin kada ka zubar, shafa shi a fuska. Masu taushi irin na Italiya, su Cella da Proraso, da yawancin haɗin hannu na yanzu, ba sa bukatar haka. In ka tsima su sai dai ka yi asarar sabulu.

Shayarwa

Wasu a kwano suke kaɗa kumfa, kuma ba laifi. Ni a fuska nake haɗawa, saboda duk mintin da na ɗauka ina murzawa, gashin yana ƙara shan ruwa, kuma fatata tana gaya mini halin da kumfar ke ciki kafin ido ya gani.

Shafa abin da ka ɗebo a duk inda za ka aske: kumatu, haɓa, ƙarƙashin muƙamuƙi, wuya. Zai kwanta siriri, ba ƙyalli, yana ɗan jan fata. Haka ake so a wannan mataki. Yanzu tsoma bakin buroshin kawai a ruwa, bakin kawai, ka dawo ka murza ko'ina har ruwan ya shige. Sake tsomawa, sake murzawa. Kada ka ƙara wani ruwan sai na baya ya ɓace a cikin kumfar.

Za ka ga tana sauya kama a gabanka. Da farko danƙo ne. Bayan tsomawa biyu ko uku sai ta kumbura ta yi fari tas, ta yi tudu, in ka ɗaga buroshi ta tsaya da tsini a miƙe. A daidai nan mafi yawan mutane ke ajiye buroshi su ɗauki reza, domin a ido ta kai. Ba ta kai ba. Wannan busasshiyar kumfa ce, ita ce ke toshe reza, ita ce ke bushewa ta yi ɓawo a wuya kafin ka iso wurin. Ci gaba da ba ta ruwa. Sannu a hankali tudun zai ɗan kwanta, farin zai koma mai sheƙi, tsinin da ke bakin buroshi zai riƙa sunkuyar da kai. In ka duba da kyau ba za ka ga idon kumfa ɗaya ba. Daga nan ka daina zagayawa, ka koma shafawa sama da ƙasa, hagu da dama, don ta kwanta daidai.

Gwaji biyu nake yi. Na ɗaya, in ɗebi kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni in murza. In yatsun suna zamewa har ba na jin zanen fatarsu, ta yi. Na biyu ya fi gaskiya: bayan jan farko, in sa reza a ƙarƙashin ruwa. Kumfar da ta sha ruwa tana sulalewa nan take ta bar reza fes. Wadda ta liƙe sai an girgiza, tana neman ƙari, sai in tsoma buroshi in sake bi ta kan sauran fuskar.

In ruwa ya yi yawa ma za ka gane. Kumfar za ta fara gangarowa wuya, manyan ido su bayyana, fata ta riƙa leƙowa ta ƙasa. Gyaran ba wuya: koma kan robar ka murza na daƙiƙa 10, ka dawo ka haɗa.

Akwai wani atisaye da nake so duk mai sabon sabulu ya yi, a ranar da ba zai yi aski ba. Ɗebi sabulu yadda ka saba, ka haɗa kumfar a tafin hannunka, ka yi ta ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kana murza ta da yatsu bayan kowane ƙari, har sai ta lalace gaba ɗaya. Za ka yi mamakin nisan tafiyar kafin ta lalace, kuma za ka lura cewa santsinta ya fi yawa gab da wurin da take karyewa. Da ka ji wannan a hannunka sau ɗaya, ka san iyakar sabulun. Kowane sabulu da nasa cikin. Masu yawan kitse da man kaɗanya sukan sha ruwa sosai, wasu kuma kaɗan ya ishe su, shi ya sa ba na yarda da a ce ga adadin ɗigon da za a zuba.

Idan ruwan ne matsalar

Wani zai bi duk wannan tiryan-tiryan kumfa ta ƙi. Kafin ka zargi sabulu, dubi ruwanka. Ruwa mai nauyi yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam, waɗanda ke kama sabulu su mai da shi wani dusa-dusa da ba ya narkewa. Alamarsa farin ɓawo a gindin butar dafa ruwa, da sabulun wanka da ba ya kumfa sosai. Mitchell's Wool Fat ya yi suna wajen gardama a irin wannan ruwa, alhali a ruwa mara nauyi lafiya lau yake. Magani mafi sauƙi shi ne ka ninka lokacin ɗiban sabulu, don a samu wanda zai rage bayan ma'adinan sun ci nasu. In bai yi ba, ka keɓe kofi ɗaya na tataccen ruwan tururi ko ruwan sama mai tsabta don jiƙa buroshi da shayar da kumfa kawai, wankin fuska a yi da na famfo. Ɗan garin sitirik asid (sinadarin tsamin lemo, ba sitiyarik ba), abin da bai kai wanda yatsu biyu za su tsakuro ba a cikin kwanon ruwa, shi ma yana kama ma'adinan. Kada ya wuce haka, don tsami in ya yi yawa shi kansa yana kashe kumfa.

Jan reza

Kumfa mai kyau ba ta hana mugun hannu yin ɓarna. Reza mai baki biyu da ake ɗaurawa a mariƙi, irin wadda King Gillette ya samu rajistar ƙirarta a 1904, nauyinta kaɗai ya isa. Ka kwantar da kanta a kunci, ka sauke mariƙin a hankali har bakin ya fara taɓa gashi, kusurwar wajen digiri 30 ke nan, ka ja gajere-gajere ba dannawa. In aska kake riƙewa, ka ƙara wa kumfar ruwa fiye da haka, don aska ta fi son santsi a kan kauri.

Kafin ranar aski, shafa gemunka da yatsu ka san inda gashin ya dosa. A kumatu galibi ƙasa yake yi, amma a wuya yakan karkace, wani wurin ma ya juyo sama. Zagayen farko ka bi inda ya kwanta. Wanke fuska, sake shafa kumfa daga wadda ta rage a buroshi, sannan ka yi na biyu a gicciye. Kada reza ta taɓa inda babu kumfa, ko da gashi ɗaya ne ya rage. Shafa masa sannan ka ɗauke shi.

Ga mai gashi mai murɗewa irin nawa, ina roƙonka ka tsaya a nan. Zagaye na uku, wanda ake yi gaba da gashi, yana ba da sulɓi na yini ɗaya, amma yana yanke gashin ƙasa da fata da baki mai tsini, in ya tashi fitowa sai ya lanƙwasa ya soki fatar, kuraje su biyo baya. Rezoji masu baki da yawa, waɗanda suka fara da Trac II ta kamfanin Gillette a 1971, an ƙera su ne yadda bakin farko zai ɗago gashi na biyu ya yanke, shi ya sa suke yawan jawo wa irinmu wannan matsala. Kada kuma ka ja fatar wuya ta miƙe sosai yayin aski, sakamakon ɗaya ne. Ɗan kaushin da ba mai gani sai mai taɓawa ya fi mini wuya mai kuraje sau nawa.

Bakin reza ɗaya yakan yi aski 3 zuwa 5, gwargwadon taurin gemu. Da ka ji ya fara ja, canza shi. Kuma reza ba abin aro ba ce, ko tsakanin 'yan'uwa, domin ciwon hanta nau'in B da C suna bin jini.

Bayan an gama

Sabulu na gaskiya yana da kaifi irin na soda, awonsa na pH (ma'aunin tsami da kaifin soda) wajen 9 zuwa 10, fata kuwa tana wajen 5. Don haka ka wanke shi tas, har bayan kunne da ƙasan haɓa, da ruwan ɗumi sannan mai sanyi. In kana da dunƙulen alif, jiƙa shi ka bi fuskar da shi. Yana tsayar da ɗan jinin ƙananan yanka, kuma duk inda ya yi maka zafi, nan ne ka danna reza, sai ka kiyaye gobe. Bar shi minti ɗaya ka wanke, sannan ka shafa mai mara nauyi.

Buroshi a wanke shi har gindi, a matse a hankali, a yarfe, a goga a tawul, a ajiye inda iska ke ratsawa. Kada ka tsoma shi a tafasasshen ruwa, yana sassauta gam ɗin da ya riƙe gashin. Robar sabulu kuma ka tsiyaye ruwan da ya taru a kai, ka bar ta a buɗe har saman ya bushe kafin ka rufe, musamman masu taushi, waɗanda in an kulle su da ruwa suke zama tabo-tabo. Ka nisanta ta da rana da zafi, don su ke korar ƙamshi su sa man da ke ciki ya yi ɗoyi. In sabulan naka sun fi ɗaya, ɗebi wanda za ka yi mako da shi a ƙaramin kwano da cokali mai tsabta, ka danne shi a gindin kwanon da yatsa, sauran ya zauna a rufe a bushe.